Motar Likitan Shanu

Sabon Tasha, Kaduna
9 ga Satumba

Yaya Micah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya gida, ya gareji, ya ƙafar Mama? Na kira ka har na gaji, sabis ɗinku yau akwai gobe babu, shi ya sa na ba Isah direba wannan takarda ya kawo maka hannu da hannu.

Kada ka yi dariya. Mota nake so in saya, kuma tana nan Birnin Gwari.

Ka san shekara huɗu ke nan ina koya wa mutane tuƙi, kullum giya ɗaya giya biyu, "Hajiya taka birki, Alhaji saki kuloci." To, watan jiya ƙawata Praise ta kai ni wani fili a Abuja inda ake wasan mota da suke kira otokuros. Ba irin tseren talabijin ba ne. Robobin nan masu tsini na masu gyaran titi ake jerawa a fitar da hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, mota ɗaya-ɗaya ke shiga, da agogo kake tsere ba da kowa ba. In ka ture roba a ƙara maka daƙiƙa biyu. Wani bawan Allah ya ara mini motarsa na zaga sau ɗaya. Yaya, minti ɗaya ne tak, amma da na fito ina ta dariya kamar wadda ta zare.

Za a sake yi ƙarshen Nuwamba, kuma da tawa nake so in shiga. Isah ya ce motar marigayi likitan shanu, rawayar nan mai ƙofa biyu da muke bi da gudu muna yara, tana nan a gidansa, matarsa Hajiya Huraira na so ta rabu da ita. Giyar hannu ce, gajera, ba nauyi, irinta ake nema. Don Allah ka je ka duba mini ita, idonka kaɗai na yarda da shi. Kada ka gaya wa Mama tukuna.

Ƙanwarka,
Jemima

*

Birnin Gwari
13 ga Satumba

Zuwa ga Jemima,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Mama ta samu sauƙi, ranar Lahadi da ƙafarta ta je sujada.

Na je na ga motar. Mitarta ta nuna kilomita dubu ɗari biyu da tamanin da 'yan kai. Marigayin bai bar rugar da bai kai ta ba, har Randagi da Kazage inda babur ma da ƙyar yake shiga. Shekara uku tana ajiye ƙarƙashin mangwaro. Tayoyin duk sun tsattsage, ɓeraye sun ci wayoyi, lagireto na yoyo, kaza na kwanci a kujerar direba.

Shawarata ki haƙura da ita. Ki nemi wata a Kaduna.

Mama ta riga ta ji, kin san cikin Isah ba ya riƙe magana. Ta ce ita ba ta haifi 'ya don ta je ta yi wasa da ranta ba.

Ki gai da mutanen gidanku. Ubangiji ya tsare.

Yayanki,
Micah

*

Sabon Tasha
22 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake.

Jiya na ci karo da Isah a kasuwar kayan gyara ta Panteka riƙe da takarda, rubutun hannunka ne a jiki: filogi huɗu, bel, tiyon lagireto. Na ce na wace mota ce, ya fara kame-kame. Da na matsa masa ya ce kwananka biyar kana zuwa gidan Hajiya Huraira kana shigewa ƙarƙashin motar nan, har an gina wa kazar wani akurki.

Mutum ba ya sayen filogi don motar da ya ce ta mutu. Me kake ɓoye mini? In wani ka samo mata, ka faɗa. In kuma don ni mace ce, wannan ma ka faɗa, na saba ji. Rabin masu zuwa makarantarmu in sun gan ni sai su tambaya ina malamin yake. Amma ban taɓa zaton zan ji daga bakinka ba. Kai ka ɗora ni a kan filo a filin firamare don in hango gaba, kai ka ce hannuna ya fi naka laushi a sitiyari.

Ka ba ni amsa ta gaskiya.

Jemima

*

Birnin Gwari
28 ga Satumba

Ƙanwata Jemima,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Na karanta takardarki sau uku. Kina da gaskiya, ban faɗa miki komai da komai ba.

Abin da na lissafa miki a jikin motar duk haka yake, amma ba su ne mota ba. Injinta lafiya lau. Na buɗe shi, cikinsa tsaf, da gani marigayin bai taɓa wasa da baƙin mai ba. Ƙasanta babu tsatsa, giya na shiga sumul. Da na sa mata batir na zuba sabon mai, bugu na uku ta tashi. Hajiya Huraira ta fito daga kicin da muciya a hannu, ta tsaya tana saurare, sai na ga tana share ido da gefen mayafi. In aka sa tayoyi da birki da shokozoba, motar nan za ta yi miki abin da kike so.

Matsalar ita ce sharaɗin Hajiya. Masu sayen gwangwan sun zo sau biyu ta kore su. Ta ce, "Malam Mika, kuɗi ba shi ne damuwata ba. Motar nan da ƙafarta ta shigo gidan nan, da ƙafarta za ta fita. Ba ja, ba turi. Kai da ka gyara ta, kai za ka fitar da ita ina kallo."

Jemima, ni kuma ba na tuƙi.

Na gaya muku ciwon baya ne ya sa na bar hanyar Kaduna. Ƙarya ce. Kin san ranar da 'yan bindiga suka buɗe mana wuta a daji, kin san na wuce da fasinjojina da fasasshiyar taya har shingen sojoji, kowa na ta yabona. Abin da ba ki sani ba, abokina Noah da ya rasu a kujerar gaba, ni na ce ya dawo gaba mu yi hira. A baya ya zauna da farko. Tun daga ranar, in na zauna a kujerar direba sai gumi ya rufe ni, in kasa sa giya. A gareji in na gama gyara, sai in ce wa mai motar ya zaga da ita ina saurare daga waje. Suna cewa ƙwarewa ce.

Shi ya sa na ce ki haƙura. Kunya na ji, ba raini ba ne. Ki gafarce ni. Mama ba ta sani ba.

Yayanki,
Micah

*

Sabon Tasha
2 ga Oktoba

Yayana,

Sannu. Sannu ƙwarai. A tasha na buɗe takardarka, na zauna a kan bencin mai shayi na yi kuka har ya ce ko rasuwa aka yi mini. Shekara uku kana ɗauke da wannan kai kaɗai, ni kuma ina nan ina rubuta maka baƙar magana. Ni ce mai neman gafara.

Ba kai ka kashe Noah ba. Na san ka sani, na kuma san sani bai isa ba. Ka je ka zauna da Fasto, ko ka gaya wa Mama. Ta fi ƙarfin yadda kake tsammani.

Zancen mota kuwa, kada ka takura wa kanka. Zan nemi hutu in zo in roƙi Hajiya ta bari ni in fitar. In ta ƙi, shi ke nan, akwai wata shekarar.

Amma in wata rana ka ji kana so ka gwada, ga abin da nake yi wa ɗalibaina masu tsoro. Ranar farko ba ma tafiya ko'ina. Mu zauna a ciki, inji na aiki, mu yi ta hirar banza har su gaji. Rana ta biyu, tsawon mota ɗaya gaba, tsawon mota ɗaya baya. Ba na bari su kalli titi, ƙasan da ke gabansu kawai. Wani sai ya yi mako a haka. Ba wanda ke riƙe maka agogo.

Ina yi maka addu'a.

Taka,
Jemima

*

Birnin Gwari
19 ga Oktoba

Malama Jemima,

Ɗalibinki na gaisuwa. Na bi darasinki. Kwana huɗu ina zuwa in zauna a ciki kawai. Hajiya ba ta tambaye ni komai ba. A rana ta uku ta jawo kujera kusa da taga tana ɓarar gyaɗa, tana ba ni labarin yadda marigayin ya taɓa ɗauko ɗan maraƙi mara lafiya daga Kuyello a kujerar gefe, ya ɗaura masa bel. Ban san lokacin da na fara dariya ba, hannuna kuma na kan sitiyari.

Jiya Asabar da hantsi na sa giya. Motar ta mutu sau biyu. Na ce, "Hajiya, ba zan iya ba."

Ta ce, "To kashe ta mu ci abinci, gobe ma rana ce." Ta juya za ta shiga ciki. Ban san me ya shige ni ba, sai na sake murza makulli. Ta waiwayo, ta je ta buɗe ƙofar gidan da kanta.

Na fita, Jemima. A giya ɗaya, kamar mai rakiyar amarya. Na bi ta bayan kasuwa, masu babur na wuce ni suna ihu, "Motar Likita ta tashi!" Da na kai filin firamare na sa giya biyu, sannan uku. Na karya kwana sai na ji ta bi hannuna kamar ta san abin da ke raina. Yanzu na gane abin da ya sa ki dariya a filin Abuja. Na tsaya a gindin ɗorawa na kira sunan Noah na yi kuka, sannan na koma na ɗauki Hajiya na zaga da ita gari sau ɗaya. Mun gama magana, motar taki ce. Ta ce ki aiko mata da hoton ranar wasan.

Na kuma gaya wa Mama komai. Ta ce ta sani tun tuni, mai ciwon baya ba ya ɗaga inji.

Saura kawo miki ita. Ki nemi babbar motar da za ta ɗauko ta. Cikin gari daban, hanyar daji daban, ban kai nan ba tukuna.

Yayanki,
Micah

*

Birnin Gwari
11 ga Nuwamba

Jemima,

Gaisuwa a gurguje, Isah na jira.

In kin samu babbar motar, ki ba su haƙuri. Ni zan kawo ta. Ranar Alhamis da safe zan taso cikin ayarin motocin kasuwa, motar Isah a gabana. Tsoro na nan, ban ce babu ba.

Ki gyara ɗaki, mu biyu ne. Mama ta ce ba zan shiga dajin nan ni kaɗai ba, kuma in dai sai kin yi wasan nan, gara a yi a gaban idonta. Jiya ta gwada shiga motar, sai da muka taru muka fito da ita. Ta ce ba komai, a sa mata filo.

Sai mun iso, da yardar Ubangiji.

Micah