Furen Kare a Kwandon 'Yar Seoul

Solgol, 2 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Bunim,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya gwiwar taki? Ya iskar Busan, ya jikoki? Mu nan lafiya lau, sai dai maigidana, baban Yongdal, da zuciyar nan tasa. Yana shan magani in na tsaya a kansa.

Yaya, zauna ki ji abin takaici. Bana ba ni zan ja matan gari zuwa tsinkar fure ta bikin waina ba. Shekara talatin da ɗaya ina gaba in an hau dutse, yau dagacinmu Dokpal, wanda na sani tun majina na zuba masa a baki, ya ɗauki aikin ya miƙa wa wata 'yar Seoul. Hyerin sunanta. Bara ta sayi gidan marigayi mai zuma ta shafe shi da farin fenti kamar asibiti. Wai tana da takardar shaidar koyon girkin gargajiya ta wata uku. Wata uku, Yaya! Kimchi, tsimin kabejin nan da ke tuluna, ya girmi iliminta.

Ba su tsaya nan ba, sun ɗage bikin da mako uku don baƙi su samu zuwa da manyan motoci. Na miƙe a taro na ce kafin lokacin nan furen gaskiya, wanda ake ci, ya zube a gindin dutse, sai can ƙololuwa za a same shi. Sai ta yi min wani murmushi na lallashin yaro, ta ce, "Kaka, kwantar da hankalinki, wayata tana gane kowane tsiro." Kaka! Ni na haifi uwarta? Na ce to ta haska Dokpal da wayar mu ji shi wane irin ganye ne. Mata suka tuntsire da dariya, shi kuwa ya kama gyaran hula.

Kin tuna yadda Inna ta koya mana. Furen gaskiya a kan reshe tsirara yake fitowa, ganye ya biyo baya. Furen kare kuwa da ganyensa yake zuwa, gindinsa na kama yatsa da danƙo, cikinsa duk ɗige-ɗige. Na farko a manna shi a wainar shinkafa a tsoma a zuma, na biyu guba ne, ko akuya mai hankali kauce masa take yi. Ban faɗa mata ba, tunda ba ta tambaya ba. Ga fili ga mai doki.

Ki gaida mutanen gida. Zan aiko miki busasshen ganye in mai mota ya tashi.

Ƙanwarki,
Malsun

Solgol, 21 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na ga takardarki da wa'azin da ke ciki, wai in yi haƙuri da yarinya. Ke dama tun muna yara haka kike, a taka ki ki ba da haƙuri.

Gobe ne biki. Ɗazu da rana Hyerin ta sauko daga dutse ita da ƙawayenta biyu na birni, da huluna masu faɗin faifai. Na ce dutse? Iyakarsu kwanar rafi, takalman nasu ba su yarda su wuce nan ba. Ta tsaya a ƙofar gidanmu tana haki, ta tura min kwando a gaba, ta ce, "Kaka, duba ki gani, ba kin ce sun ƙare ba?" Baban Yongdal yana zaune a dakali yana gyaran ƙotar fartanya.

Na leƙa. Na ɗauki ɗaya, ya manne min a yatsa. Yaya, fiye da rabin kwandon furen kare ne, har da guntayen ganyensa a jiki, abin da makaho zai gane da hannu. Wai wayar ta tabbatar mata. Na mayar da furen na goge yatsana a zane na ce, "Sannu da aiki."

Ga abin da na shirya. Gobe in kasko ya yi zafi, baƙi sun cika rumfa, masu hoto sun jera, kafin wainar farko ta bar wuta zan fito in ɗauki fure ɗaya in manna a goshin Dokpal. Zai tsaya da kansa, kowa ya gani. Ba mai cin ko loma, kada ki tayar da hankalinki. So nake a yi abin a gaban mutane, yadda aka ƙwace min a gaban mutane. Har na fito da rigata mai ruwan goro na rataye.

Sai kin ji labari mai daɗi.

Taki,
Malsun

Asibitin gunduma, 25 ga Afrilu

Yayata Bunim,

Ina gaishe ki. Ki gafarta min rubutun, a kan gwiwata nake yi.

Ba a yi biki ba. Ranar bikin, Asabar da safe, ina gida ina gyaran gashi, ashe Hyerin ta riga kowa zuwa rumfa wai ta gwada hannunta kafin baƙi su iso. Baban Yongdal ya je taya jera kujeru. Kin san shi da zaƙi. Ta zuba masa waina bakwai, ta haɗa masa da ruwan zuma da fure yana yawo a kai, ya shanye. Kafin a gama kujerun leɓɓansa sun mutu, ya yi amai, ya zube. Da rigar bikin a jikina na shiga motar asibiti.

Likita ta ce bugun zuciyarsa ya yi ƙasa ƙwarai, da an ƙara jinkiri da wani zancen ake yi. Ya tsallake, amma ta ce ya manta da fartanya bana.

Hyerin ta zo ta durƙusa a baranda gaban jama'a, fuska duk ta kumbura, tana cewa, "Kaka, laifina ne, ni na yi taurin kai." Na tsaya ina kallon tsakiyar kanta, ban ce ta tashi ba. Dokpal ma ya zo da kwalin lemo yana sunkuyar da kai, ya ce daga baɗi aikin nawa ne har in mutu. Matan gari kuwa ko gaisuwarta sun daina amsawa. Duk abin da na so na samu, Yaya, babu wanda ya rage.

Jiya ya farfaɗo sosai har ya sha kunu. Don in rufe bakina da wani abu na hau shi da faɗa. Na ce, "Kai ma dai! Shekara saba'in da huɗu a gindin dutsen nan, ba ka san furen kare ba?"

Ya ce, "Ni ina na taɓa sani? Tun da na auro ki ban sake duba abin da zan ci ba. Na ga kin leƙa kwandon, kin taɓa, kin ce mata sannu da aiki. Sai na ce shi ke nan, uwar Yongdal ta duba."

Sai ya lalubo hannuna ya riƙe, ya rage murya kada na gadon kusa ya ji. Ya ce, "Idon ne ya fara tsufa, ba laifinki ba ne. Ba zan gaya wa kowa ba. In na tashi sai mu je a auna miki tabarau."

Yaya, idona garau yake. Na ce masa to.

Ki zo in gwiwarki za ta bari. Ban iya zama da shi ni kaɗai a ɗakin nan.

Ƙanwarki,
Malsun