Sanarwar Rasuwar Dogo

Zuwa ga 'yata, 'yar aminina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ya ƙarin haƙuri? Ni dai ga ni nan, gwiwa ta ƙi, baki ne kawai bai yi ritaya ba.

Kin tambaye ni dalilin da ya sa mutane ba su taru a jana'izar mahaifinki ba, shi da garin nan kaf aka san shi. To gyara zama ki ji.

Kin san aikina a gidan rediyon gwamnati: in an gama labarai, ni ke karanta sanarwar rasuwa. Tun mahaifinki Dogo yana editan labarai a wurin yake tsokanata, wai ni zan karanta tasa, kuma in na kuskura na yi tari a tsakiya zai taso ya ja min kunne. Ko bayan sun sallame shi, don ya ƙi cewa gadar da ta karye gyara ake mata, bai bar wasan nan ba.

Da safen da ya cika, na rubuta sanarwar da hannuna na kai wa manaja. Yaron kirki ne, Dogo ma ya koya masa aiki. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce sai an ji daga sama. Saman nan ba wadda kika sani ba ce, 'yata. Ofishi ne a ma'aikata, inda albashinmu da man janareta ke fitowa. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Na shiga ɗakin watsa shiri, jar fitilar fara shiri ta kama, na karanta mutuwar mutanen da ban sani ba.

Da na fito na ce to, kafin rediyo ai da ƙafa ake shela. Na ɗauki sandata na shiga layi. Wajen tela na fara, wanda suke dara da mahaifinki. Na ce masa Dogo ya rasu, za a yi sallah bayan azahar. Ko ƙafa bai ɗauke daga kan keken ba. Ya yi dariya ya ce, “Haba Mai Murya! Muryar nan ce fa ta ce mana asibiti ya cika da magani. In ita ta ce Dogo ya mutu, to yana gida yana karin kumallo.” Mai aski kuwa raɗa ya yi wa na kusa da shi, wai dabara ce, so ake a tara abokan Dogo a ga fuskokinsu. Na rantse musu, amma rantsuwar ma da muryar nan ta fito.

Sai washegari suka gaskata. Tela ya zauna a ƙofar gidanku yana kuka kamar yaro, ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Jiya izini ya sauko daga sama. Sun soke “tsohon editan labarai”, sun bar sunansa shi kaɗai. Na karanta. Ina kaiwa tsakiya tari ya sarƙe ni, na gaske, ba na wasa ba. Jar fitila na kallona, na karkata kai ina jira a ja min kunne.

Ki shafa min kan yara. Allah ya jiƙan Dogo, ya ba mu haƙuri.

Babanki,
Mai Murya