Sunan da ba ki taɓa faɗa ba

Zuwa ga Kakata, Hajiya Gambo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, angonki ne daga unguwar Bani Malik a Jidda, jikan nan da kike cewa ya ci sadakinki a tuwo. Albishir na kawo miki, kuma ba na alheri ba ne ga kowa.

Har kika koma ga Allah ban taɓa jin kin ambaci sunan Bafaranshen nan ba. Dufurne. Kin yi masa girki a barikin Damagaram, ya bar ki da Baba a goye, ya manna wa jaririn sunansa a takarda, ya hau jirgi bai waiwayo ba. “Wancan” kike ce masa. Matan unguwa sun ɗauka alkunya ce irin ta mace ga mijinta, sai ki ce, “Miji ake jin kunya, ni bakina nake tsarewa daga ƙazanta.”

Mu kuwa sunan ya biyo mu har Jidda, yana kan fasfo, yana kan iƙama, takardar izinin zama. Kin tuna ranar da muka tafi umra, aka sauke Baba a shingen hanyar Makka? Jami'in ya dubi sunan, ya dubi farar fatarsa, ya sa dattijo mai furfura ya karanta Fatiha a bakin titi da haramin a jikinsa. Ina kallonki ta tagar mota kina jan carbi. Ranar na fara ƙin mutumin da ban taɓa gani ba, kuma ban daina ba.

To, kwanakin baya wani jikan wancan ya lalubo ni ta waya. Tsoho ne mai fara'a, wai tarihin zuriyarsu yake haɗawa. Ya ce asalin sunan daga tanderu ne, kakanninsu masu gashin burodi ne a wani ƙauye. Na yi dariya har abokan aikina a sito na unguwar Khumra suka leƙo. Ashe mai taƙamar nan jikan masu hura wuta ne, shi ne ya tsayar da ke gaban tanderu har ƙuna ta zane miki hannuwa. Ina tuna tabon, ina shafa shi in kina ba ni tatsuniya.

Sai ya zo kan abin da ya kawo shi. Masu sunan suna nan jefi-jefi a ƙasarsu, amma a gidan wancan ya zo ƙarshe. Shi tsohon 'ya'ya mata gare shi, duk sun koma sunan mazajensu. Namiji ɗaya ya rage da zai miƙa sunan gaba, ni. Da ya ji matata na da ciki sai murna ta kama shi. Shekarun da kika yi kina sayar da ƙosai don Baba ya ci, ba wanda ya tambayi ko yana raye. Yau da suka rasa magaji sun san hanyar Jidda.

Kaka, matata Hadiza ta sauka, namiji. Kafin suna na je ofishin jakadancinmu, na sha zirga-zirga, kafilina da ya tsaya mini a ƙasar nan ma ya gaji da ni, amma na sa an kankare sunan daga takarduna. Na mahaifinki Malam Tanko na sa a gurbinsa. Yaron Mamman ne, ɗan Sani, jikan Abdu, na gidan Malam Tanko. Na aika wa tsohon hoton jaririn da cikakken sunansa. Ya kira, ya sake kira, ban ɗauka ba. Na san ba shi ya yi ba, ban kuma ji tausayinsa ba. Ke ce kike cewa alhaki kwikwiyo ne.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya hannuwan nan da ruwan Alkausara, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Wancan kuwa na bar ku da shi gaban Mai Shari'a. Yaron nan zai girma, zai shiga Makka ba mai tsayar da shi, ba kuma zai ji sunan a bakina ba.

Angonki,
Sani Abdu Tanko