Tsintaccen Hanyar Sudan

Asabar, 4 ga Maris, 2017
Na fara rubuta salsalar gidan Mailafiya. Tun muna yara a unguwar Nakkasa ta nan Makka ake raɗe-raɗin kakanmu ya iso Makka da 'ya'ya maza biyu, ɗaya nasa, ɗaya tsintacce a hanyar Sudan. Ni dai na san wanne ne. A dubi Mukhtaru, ɗan baffana, bai ɗauko kowa a gidan nan ba. Reshensu ba zai shiga takardata ba sai na tabbatar.

Alhamis, 9 ga Maris
Na tambayi Gwaggo Hajara, ƙanwar babanmu. Wai, "Hisham, a bar kaza cikin gashinta." Rufa wa Mukhtaru asiri take yi, dama ɗan ɗakinta ne.

Juma'a, 17 ga Maris
Wani Tijjani Mailafiya ya zo Umra daga Katsina, jikan yayan kakanmu. Na titsiye shi kamar ma'aikacin jawazat mai duba fasfo, ya jero kakanni bai yi tuntuɓe ba. Mu uku muka tofa yawu a kwalaben gwajin DNA, aka aika waje. Mukhtaru har da dariya: "Yalla, miƙo tawa." Saurin amincewar nan bai kwanta mini ba.

Litinin, 8 ga Mayu
Sakamako ya zo. Tijjani da Mukhtaru jini ɗaya. Ni babu.
An musanya kwalaben ne. Ai Mukhtaru ne ya kai su wurin aikawa.

Laraba, 10 ga Mayu
Na kai wa Gwaggo ƙara. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce wata mai niyyar hajji ce ta rasu a ayarin su kakanmu, ta bar jinjiri. Kakanmu ya sa shi a takardar tafiyarsa a matsayin ɗa don a bar shi ya hau jirgin ruwa, kaka ta shayar da shi tare da nata. Babana ke nan.
"Nono ɗaya suka sha, me kwalba ta sani?"
Wai Mukhtaru ya sani tun rasuwar babana. Shekara ashirin, ko a faɗa bai taɓa goranta mini ba. Kunya ta ishe ni.

Juma'a, 12 ga Mayu
Har yanzu ban gama yarda da kwalaben nan ba.
Mukhtaru ya biyo shagona a Rusaifa, ya tarar da salsalar a kan tebur. Yanzu reshensu na rubuta da biro, namu da fensir. Ya duba. Ya zaro bironsa ya bi kan sunan babana, harafi bayan harafi. Ban hana shi ba.