Farfelar Injin Ban-ruwa

Daren Laraba, Kusada

Sabuwar farfelar ma ta fashe.

Tun makon jiya injin ban-ruwana ke kwance, farfelarsa mai jawo ruwa ta karye. Na zagaye kasuwar Kankia, har Kano na aika, kowa sai ya ce tsohon yayi ne, an daina kawo kayansa. Yaya Hadiza ce ta haɗa ni da wani injiniya a Katsina, mai na'urar da ke ƙera kaya da narkakkiyar roba. Ya auna karyayyar farfelar, ya zana ta a kwamfuta, ina zaune na'urar ta riƙa ɗora roba zare kan zare har sabuwa ta fito. Wallahi sai da na yi ƙwalla don murna.

Yau da hantsi na ɗaura ta. Ruwa ya taho, har ya fara shiga tumatir, sai na ji ƙas! Shi ke nan.

Na kira injiniyan. Ya ce, "Malam Sani, yashi ne ya cinye ta. Akwai robar da ta fi wannan ƙarfi, amma sai mako mai zuwa za ta iso."

Na ce, "Injiniya, furen tumatirin har ya fara zuba."



Tumatirin nan shi ne abincinmu har damina. Na dawo gida na tarar matata Maryam ta jera bokitai a zaure, wai da asuba za ta bi ni rafi mu yi ban-ruwa da hannu, da tsohon cikinta. Na hana ta. Ta ce, "To wa zai bi ka?"

Ya Allah, ka kawo mana mafita.