Kujerar Gaban Motarmu

Zuwa ga Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya san ba za a amsa masa ba, tare da fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Mu nan unguwar Magajiya lafiya lau. Nana ta koma makaranta Minna, gidan ya rage daga ni sai rediyo.

Dalilin wannan takarda wata magana ce da ta taso a kan hanyarmu ta zuwa aiki, kuma ya kamata ki ji ta daga bakina. Hukuma ta ce cunkoson shiga Abuja da safe ya wuce misali, don haka duk motar da za ta shiga gari a lokacin tafiya ofis sai ta biya kuɗi. Sassauci ɗaya aka yi: motar da ta cika da mutane, babu kujerar da ke wofi, ta wuce kyauta. Wai don a daina ganin mutum ɗaya ya tare titi da ƙatuwar mota shi kaɗai. Ƙungiyar direbobi ta garzaya kotu, kotu ta ce a dakata tukuna, daga nan kuma sai ɗage zama ake ta yi.

Da kina nan da kin sha dariya, don kowa a Suleja ya zama lauya. Mai facin taya na bakin layinmu ma ya yanke nasa hukuncin tuni. Wasu na cewa tsadar haya ta koro mu daga Abuja, yanzu kuma za a sayar mana da ƙofar shiga. Wasu na cewa gara a biya a isa da wuri, da a tsufa a go-sulon Madalla. Ban san ɓangaren da za ki bi ba, amma na tabbata ba nawa ba ne, don ki samu abin tsokanata.

Fasinjojinmu na nan yadda kika bar su, su uku a baya, muna karo-karon kuɗin mai kamar da. Malam Isa na Maje, dogon masinjan nan, har yanzu gwiwa na damunsa, sai ya karkace yake samun wurin ajiye ƙafa. Madam Grace na nan da ƙunshin atamfofinta na kasuwa. Bala akawun lauya kuwa, wannan shari'a ta zame masa biki. Tun daga kwanar gida yake fara bayani, ko alƙalin bai kai shi sanin abin da alƙali zai ce ba.

Kujerar gaba babu kowa.

Allah shaida ban taɓa hana wani zama ba. Ranar da na koma aiki bayan rasuwarki, Malam Isa ne ya buɗe ƙofar baya ya shiga, sauran suka bi shi, shi ke nan abin ya zauna a haka. Masu jiran mota a bakin titi sukan hango wurin su ɗaga hannu, in wuce kamar ban gani ba. Akwai wanda ya taɓa raka mu da zagi, ya ce rowa ce za ta kashe ni.

Mutane na ta tsine wa go-sulon nan, ni kuwa a cikinsa na fi samun ki. A gida ga baƙi, ga Nana, ga gajiyar asibiti da kike kwasowa. Amma da mun tsaya cik a Zuba sai ki cire takalmi, ki ɓare dafaffiyar gyaɗa kina miƙo min ba tare da kin kalle ni ba. A nan muka yanke shawarar makarantar Nana. A nan muka yi yawancin faɗanmu, a hankali don kada na baya su ji, alhali suna ji sarai.

In na fara kutsawa tsakanin tireloli sai ki ce, "Malam, bi sannu, Abuja ba guduwa za ta yi ba." Har yau a daidai wurin nan ƙafata kan sassauta da kanta.

Bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Duk ranar da rediyo ta ce an sake ɗage zama, sai in ji sanyi a raina. Jama'a na ƙorafin kotu na jan ƙafa, ni kuwa ina addu'ar ta ci gaba da ja. Na san ranar da aka fara karɓar kuɗin nan, dole in zaɓa: ko in ɗora wa mutanen nan ƙarin nauyi, ko in ba wani wurinki.

Makon jiya musu ya yi zafi tsakanin Bala da Madam Grace. Ita tana cewa zalunci ne, shi yana cewa doka ce mai kyau, ai talaka mai cika mota ba ruwansa. Garin kawo misali sai bakinsa ya suɓuce, ya ce ko wannan motar tamu ai sai ta biya, tunda ga kujera nan a banza.

Na ƙura wa titi ido har muka wuce Dei-Dei.

Da muka zo inda Madam Grace ke sauka, sai ta zagayo ta tsaya ta gefena, ta rage murya.

"Oga, kar ka damu da bakin Bala. Mun riga mun yi mitin. In sun fara karɓa, mu uku za mu raba. Wurin Madam Rakiya ne, a bar shi."

Na tambaye ta ko Malam Isa ya yarda da haka. Ta ce ai shi ya kawo shawarar. Malam Isa fa, Rakiya, mutumin da ke takowa da ƙafa daga gidansa zuwa bakin titi da wannan gwiwar, don kada ya ba ɗan acaba abin da zai sayi koko. Na yini a ofis ban tsinana komai ba. Ashe duk tsawon lokacin nan ba ni kaɗai nake gadin kujerar ba.

Washegari da na tsaya ɗaukarsa, sai na fito na buɗe masa ƙofar gaba. Ya tsaya yana kallona. Na ce ya shiga, gwiwarsa ta sha wuya haka nan. Ya yi ta kawo uzuri, na ƙi rufe ƙofar, har ya haƙura ya shiga.

Sai a lokacin na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Kujerar tana nan a matse can gaba, daidai tsawon ƙafafunki. Gwiwoyin wannan bawan Allah suka tokare, ya takure kamar wanda aka sa a buhu, amma ko hannu bai kai ƙasa don ya ja kujerar baya ba. Cewa ya yi, "Ya yi daidai, mu tafi."

Ni na sunkuya da kaina na ja ƙarfen da ke ƙarƙashi. Kujerar ta zame baya. Na koma mazaunina na riƙe sitiyari, na kasa tayar da mota na ɗan lokaci, kuma ba wanda ya ce min mun makara.

A Madalla muka ɗauki wata mata don cike gurbin baya. Ta gaishe mu, ta tambayi kuɗin mota, ta tambayi ko kotu ta yanke hukunci. Bala ya ce mata tukuna, bai ƙara komai ba. Matar kirki ce, ta yi ta hira har ta sauka. Ita ce mutum na farko da ya shiga motar nan bai san ki ba.

An ce za a sake zama nan gaba. Su yanke abin da suka ga dama, yanzu ba abin da za su karɓa a hannunmu. Motarmu ta cika, Rakiya, kuma ban taɓa jin kewarki kamar yadda na ji ta a cikakkiyar motar nan ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata miki shi. Allah Ya saka wa mutanen nan uku da alheri. Ya raya mana Nana, Ya ba ni haƙurin sauran tafiyar, Ya sada mu a Aljanna. Amin.

Naki har kullum,
Baban Nana