Bidiyona Ya Gayyato Shanu Sun Cinye Mana Ciyawa

Gwaggo Adawiyya, don Allah ki agaza mini da shawara tun damina ba ta ɗauke ba. Na jawo abin da ya fi ƙarfina, kuma ba wanda ya taya ni jawo shi.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gangara, nan Damargu. Muna da 'yar ƙungiyar gyaran ƙasa, yawanci mata ne, shugabarmu Hajjo, dattijuwar da ba ta maimaita magana. Gabas da gari akwai wani fako da tun ina yaro ko ƙaya ba ta fitowa a kansa. Matan nan suka yi rani da bazara suna haƙa rabin wata a cikinsa, wato ramukan tare ruwan sama, suka watsa irin kyasuwa da burburwa. Bana Allah Ya ba mu ruwa, ciyawa ta kai gwiwa. Dokar wurin ɗaya ce: dabba ba ta shiga sai ciyawa ta nuna an tsinke iri, don da shi za a shuka sauran fakon baɗi.

Ni kuwa ban taɓa riƙe diga a wurin ba. Aikina salula. Na ɗan zauna Libiya, na dawo da ƙatuwar waya da dogon surutu, sai aka naɗa ni mai yaɗa labarin ƙungiya. Akwai wata babbar ƙungiya a Damagaram da ke ba mu kayan aiki, ta ce mu riƙa aiko bidiyo su nuna wa masu tallafa musu. Aiko musu aka ce, Gwaggo. Amma ni gwani, na ga wannan kyau ya wuce idon mutum uku a ofis. Na ci shadda, na sha rawani kamar mai zuwa ɗaurin aure, na shiga tsakiyar ciyawa ina shafa ta. Na faɗi sunan gari, na juya waya na nuna dogon ƙarfen salula da tsohuwar aduwar bakin burtali, har na ce duk mai shakka ya zo ya gani da idonsa. Na zuba shi a Facebook da duk wani zauren WhatsApp da nake ciki.

Wallahi sun zo.

Ashe bana ruwa ya yi gardama a arewa. Daga Tenhya zuwa sama makiyaya neman inda dabba za ta sa baki suke, kuma yanzu ba wanda ba shi da waya. A da sai sun tura mutum a kan raƙumi ya sha yawo yana duba ciyawa. Ni na hutar da su, har da kwatance! Ina zaune ina karanta masu cewa madalla, ina jin kaina kamar ɗan jaridar Yamai, sai na ji kukan shanu. Shanu, tumaki, raƙuma. Mai gadinmu tsoho ne da sandarsa. Kafin mutane su taru, ɓangaren kudu ya koma yadda muka gaje shi, ramukan ma an tattake.

Abin da ya ƙarasa ni, wani Bafulatani mai suna Jika ya neme ni har gida da ƙwaryar nono. Ya riƙe hannuna yana ta godiya, wai ba don ni ba da maruƙansa sun mutu, wai da ya ji na ce a zo ya san garin nan na mutanen kirki ne. Na karɓi nonon, Gwaggo, to me zan ce? Matata Radiya ta dama fura da shi ta dire mini, ta ce in sha ladan aikina. Matan gari kuwa sun sa mini suna mai shelar shanu. Hajjo ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin. Tafin hannunta da diga ta farfasa ta buɗe mini, ta wuce. Kunyar ranar har yanzu ba ta sake ni ba.

Yanzu saura ɓangaren arewa, bayan wani tudu, inda shanun ba su kai ba. Ciyawarsa ta fara fitar da kai, kuma ita kaɗai ce irin da ya rage mana. Mai gari ya roƙi makiyayan sun ja baya zuwa tabki, amma ba su tafi ba, wasu ma suna hanya, don na goge nawa amma bidiyon sai yawo yake. Mutanen Damagaram ba su san komai ba, sabon bidiyo suke jira kafin su yanke ko za su ci gaba da mu. Hajjo ta ce in ta sake ganina da waya a wurin, ni da wayar rami ɗaya za ta saka mu. Wani abokina kuma ya ce in yi sabon bidiyo in ce an fesa wa ciyawar guba, kowa zai watse. Ba zan ɓoye miki ba, har na fara tsara yadda zan tsaya gaban waya in faɗa.

Yaya zan yi irin nan ya tsira?

Naki,
Mai Shelar Shanu, Damargu

*

Ɗana, na yi dariya, da na kai wurin hannun Hajjo kuma na daina.

Maganar guba, kul! Daga ranar da ka faɗe ta, duk saniyar da ta mutu a yankinku, ko da tsufa ne, a wuyan garinku za a rataya ta. Irin wannan ƙarya da jini take ƙarewa.

Jika ba shi da laifi. Dabbobinsa na jin yunwa, an ce ya zo, ya zo, har ya yi godiya. Hajjo ma tana da gaskiya, guminsu ne. Kai ma ba mugunta ka yi ba, ka ɗauki bidiyo ne ba ka tambayi kanka wa zai gani ba, da abin da zai yi in ya gani. Amma ka gano wani abu: saƙonku yana kai wa ga mutanen da manzon mai gari ba zai taɓa cimma ba. A yi amfani da wannan.

Ka fara da Hajjo. Ka bar wayar a gida, ka ba ta haƙuri, ka nemi izininta, don ba abin da za ka sake ɗauka sai ta yarda.

In ta yarda, bidiyo biyu za ka yi, kowanne da mutanensa. Na farko na makiyaya ne, kuma kai kana bayan waya. A zauren mai gari za a ɗauka, ba ciyawa ko tsinke a ciki. Jika ya yi magana da Fulatanci, a samu dattijo cikin Abzinawa ya faɗa da harshensu, Hajjo ta faɗa da Hausa: wurin a rufe yake har a tsinke iri, irin na ƙara wurin kiwo ne ga kowa, kuma ranar da aka gama za a sanar a buɗe. Ya zama gajere, don ya wuce ko rezo, wato sabis ɗin waya, ba ƙarfi. Daga wayar Jika zai fita, ya bi hanyar da wancan bidiyon naka ya bi.

Na biyu na Damagaram ne. Ka kira su tukuna ka faɗi abin da ya faru. Ka nuna musu inda aka tattake, da masu gyaran ramuka, kai ma kana ciki da diga, daga baya kuma buhunan iri. Kai tsaye za ka aika, da sharaɗin kada a watsa sai iri ya shiga rumbu. Ban ce lalle za su ci gaba da ku ba, amma gara su ji daga bakinka da su ji a kasuwar Tanut. Kafin nan, ku yi karo-karon gadi, tsoho ɗaya ba zai iya ba.

Abu na ƙarshe shi ya fi nauyi. Jika zai sa fuskarsa gaban 'yan'uwansa ya ce su yi haƙuri da yunwar dabbobinsu saboda alkawarinku. Idan an tsinke iri, ku buɗe musu a ranar, ko da wasu a gari sun so a yanke ciyawar a ɓoye. In kuka saɓa, baɗi ba wanda zai jira.

Allah Ya tsare muku irin nan har ya shiga buhu, Ya ba arewa ruwa, Ya sanyaya zuciyar Hajjo a kanka.

Gwaggo Adawiyya